Amsoshin da Ɗigo Ta Goge

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumburi, kuma maganin da na bar miki sha kike yi, ba jera shi kika yi a taga kina kallo ba. Ki gaida Baffa, ki ce masa 'yar ƙaninsa ta sauka lafiya. Biro na ɗauka saboda ni da ke a waya ba ma kai ƙarshen magana, kowa katse kowa yake yi.

Mun tare. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, famfon kicin yana ɗiga, maƙwabciyarmu ta ƙasa kuma har ta hau sau biyu wai muna jan kujera a kanta. Baban Ɗigo ya kama aiki a sabon wurin, ni kuma an sa ni a ɗakin yara na asibiti.

Maganar makarantar Ɗigo ce ta sa na rubuto. Uku na gani. Ta farko tana kallon asibitinmu, bene ce, da motar ɗaukar yara da ɗakin kwamfuta, ita raina ya kwanta da ita. Ta biyu tana kusa da wurin aikin babanta. Ta uku wata 'yar ƙarama ce a bayan layin kafintoci, daga ƙofa na leƙa na juyo. Dukansu sai an yi jarrabawa, kuma nan da wata biyu za su rufe ɗaukar sababbin yara, wanda bai samu ba sai baɗi. Tunda ke ce malamar ajinta, ki aiko min da sakamakonta da takardar canjin makaranta ta hannun direban da ya kawo miki wannan wasiƙa.

Ita lafiyarta ƙalau. Sai dai komai na taɓa, "Inna ba haka take yi ba." Ninkin kaya, Inna ba haka take yi ba. Tsifar kai, Inna ba haka take yi ba. Har yau ke ce Inna, ni kuwa Nas take ce min kamar 'yan asibiti. Jiya ta kira ni haka a gaban maƙwabciya, matar ta tambaye ni ko aiki nake yi a gidan. Na yi dariya, amma iyakarta haƙori.

Shekara biyar kika riƙe min ita, tun ina makarantar jinya har aka gama jefa ni asibitocin ƙauye. Ban manta ba. Yanzu kam sai ki huta.

Ƙanwarki,
Nas

*

Ƙanwata Nas,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, mun gode Allah da kuka sauka lafiya. Ƙafa da sauƙi. Baffanmu yana amsawa, ya ce ki daina sa baki da maƙwabta tun ba ki san sunansu ba.

Ga takardun nan a cikin ambulan. Ta ɗaya ta zo a zangon da ya wuce, kamar kullum.

Kin ce in huta. Ban tuna na ce miki na gaji ba, amma na gode.

A kan makaranta, ki ji daga wadda ta yi shekara ashirin da biyu da alli a hannu. Bene ba ya koyar da yaro. Idan kin shiga, kada ki zauna a ofishin shugaba, can za su ba ki ruwan sanyi su nuna miki kofunan da suka ci a gasa. Ki ce a kai ki aji huɗu, ki wuce har bencin ƙarshe, ki karɓi littafin yaron da yake can lungu. In jan biro ya bi ta cikinsa a wannan satin, to makaranta ce. In rabonsa da jan biro wata guda, ki ɗauki jakarki. Ki leƙa banɗakin 'yan mata ma.

Yarinyata ba ta son a tsaya mata a ka tana rubutu, hannunta daskarewa yake yi. Ki faɗa musu. Yarinyata ba ta cin komai da safe in an matsa mata, ki sa mata a jaka za ta ci a tara. Kai kuma daga ƙeya ake fara tsefe mata, gaban yana mata zafi. Ban faɗa don in nuna miki aikinki ba, abin da na sani ne.

Gidan ya yi shiru ƙwarai. Jiya na zuba shayi kofi uku, sai da Baffa ya kalle ni na gane. Ki shafa min kan yarinyata.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya, in lafiyar jiki ake nufi.

Sau uku na ƙirga "yarinyata" a wasiƙarki. Ni da na yi kwana biyu ina naƙudarta ban samu ko ɗaya ba. To shi ke nan, ga labarin yarinyarki.

Ranar Talata na ɗauki hutun rabin yini na kai ta jarrabawa a makarantar da ke kallon asibiti. Na yi mata sabon kitso, na saya mata fensir biyu. Shida ta ci cikin hamsin. Shida, Yaya! Shugabar ta cire tabarau ta dubi takardar da kika aiko, ta dube ni, ta ce, "Wannan ce ta ɗaya a ajinsu? To ta ƙarshe fa?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Wai in ina so za su karɓe ta, amma aji biyu. Yarinya mai shekara tara, ta zauna da 'yan shekara shida suna koyon ɗaya da ɗaya. Kuma 'ya'yan abokan aikina duk a can suke, kafin in koma ɗakin yara labari ya riga ni.

Na tambaye ta a hanya me ya faru, ta ce da wuya. Ko a jikinta. Har waƙa take yi a mota.

Ina so ki faɗa min tsakaninki da Allah. Ta ɗayan nan da take zuwa, ita take ci ko ke kike ba ta? Ba zan ga laifinki ba, na san son da kike mata. Amma in shekara biyar aka yi ana shafa mata kai ana cewa ta iya, gara in sani yanzu in nemi mai koya mata.

Nas

*

Yaya,

Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Yau kwana goma sha biyu, direba ya zo sau uku hannu wofi. Na kira, Baffa ne ya ɗauka ya ce kina aji, alhali ranar Asabar ce.

In kin raina tambayata ne, to ga ƙari. Na kai ta makaranta ta biyu, ta kusa da wurin aikin babanta. Lissafi ashirin aka ba su, biyu ta ci. Su ko aji biyun ba su yi min tayi ba.

Lokaci yana tafiya, ke kina can kina fushi. Da ke ce kika haife ta da ba ki iya yin kwana goma sha biyu ba.

Nas

*

Nas,

Lafiya lau muke. Ba raini ba ne. Sau uku na rubuta miki amsa ina yagawa, domin abin da ke cikinsu ba na ƙanwa ba ne.

Ban taɓa ƙara wa yaro rabin maki ba, ko ɗan shugaban makaranta ne. Ɗigo kuwa har rage mata nake yi don kada a ce. Layinki na ƙarshe kuma na karanta shi, na gode. Gaskiya ne ban haifa ba, ba sai an tuna min ta hannun direba ba.

Ki bar ba ni labarin maki. Ki koma makaranta ta biyun ki karɓo takardar da ta yi jarrabawar a kai, ita kanta takardar, da rubutun hannunta. In sun hana ki, ki zauna a ofishin har su gaji. Kin iya wannan.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Awa biyu na yi a kan bencinsu kafin su ba ni. Ga ta nan, ki gani da idonki.

Layin nan da na rubuta, bai kamata ba. Raina ne a ɓace. Saura kwana ashirin.

Nas

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ku duka. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Takardar ta iso. Na kai ta bakin taga na ɗaga ta a rana. Lissafi na farko, amsarsa arba'in da biyu, ta rubuta arba'in da uku. Na biyu ɗari da takwas, ta rubuta ɗari da tara. Na uku haka, na huɗu haka, har goma sha takwas. Kowace amsa an ƙara mata ɗaya, ba biyu ba, ba goma ba. Kuma a ƙarƙashin kowacce akwai shatin fensir inda aka goge, amsar daidai ce a wurin. Yaron da bai iya ba ba ya kuskure a tsare haka. Ta yi duka ashirin daidai, sannan ta dawo daga sama tana gogewa tana ɓatawa. Biyun da ta ci su ne na ƙarshe, lokaci ne ya ƙare mata ba ta kai gare su ba.

Da gangan take faɗuwa. Kuma na san dalili, domin ni ce dalilin.

Ranar da za ku tafi, kina can kina faɗa da masu ɗaura kaya, ta riƙe min zani a tasha tana kuka har numfashinta yana sarƙewa. Sai na ce, "Yi shiru. In ba a samu makarantar da za ta karɓe ki a can ba, ni da kaina zan zo in dawo da ke." Rarrashi na yi. Na manta da irin yarinyar da nake magana da ita, wadda in ka ce mata gobe, da asuba za ta tashe ka.

Tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Ranar da na karanta cewa shida ta ci, kafin ɓacin rai ya zo, wani daɗi ne ya fara zuwa. Na ce a raina, ashe ba su iya da ita ba. Na yi istigfari, amma ya riga ya zo. Ina kishinki, Nas. Ke kike ganin ta da safe.

Ga shawara, ki duba ta da sanyin rai. Me zai hana ta dawo ta ƙarasa shekarar nan a ajina? Wata bakwai ne kawai. Ba za ta yi asarar komai ba, ku kuma kun zauna da gindinku kafin baɗi.

Yayarki

*

Yaya,

Na gaishe ki. Na zauna kamar yadda kika ce, a ɗakin canja kaya na asibiti na karanta, sai da wata abokiyar aiki ta ƙwanƙwasa ta ce ko lafiya.

Ban dake ta ba, in abin da kike tsoro ke nan. Na same ta tana jera takalma a bakin ƙofa, na ce, "Bakwai sau shida nawa ne?" Kafin in rufe baki ta ce arba'in da biyu, sai ta kama bakinta da hannu. Na ce me ya sa. Ta ce, "Inna ta yi alkawari. Saura makaranta ɗaya." Da murmushinta ta faɗa, Yaya, kamar mai ba ni albishir.

Ke kike kishina? Me nake da shi? Yarinya ta yarda a kira ta daƙiƙiya a gaban baƙi sau biyu, ta zauna ta goge amsa goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya, duk don kada ta zauna da ni. Ni ba wanda ya taɓa yi min haka. Ina duba 'ya'yan mutane yini guda suna riƙe min yatsa, in dawo gida tawa tana ƙirga kwanakin barina.

Shawararki kuwa, a'a. Wata bakwai zai zama shekara, shekara ta zama aji shida, kuma kin fi ni sanin haka. In na mayar da ita yanzu, ta koyi cewa haka ake yi, ni kuma na zama baƙuwar da ke zuwa da tsaraba har abada.

Na je 'yar makarantar bayan layin kafintoci. Ƙarar zarto tana shigowa har aji, fentin bango ya ɓare. Na wuce bencin ƙarshe na karɓi littafin wani yaro mai yoyon hanci. Jan biro a kowane shafi, har na jiya, malamar har ta rubuta masa "ka ƙara ƙoƙari, ka kusa". Banɗakin ma da tsabta. Haushi ya kama ni da maganarki ta fito daidai.

Jarrabawarsu ranar Litinin ta sama, ita ce ta ƙarshe. Na yi mata magana, babanta ya yi, kallonmu kawai take yi. Ba mu muka ɗaura ba, ba mu za mu kwance ba. Ki rubuto mata. Kada ki zo, in ta gan ki an gama.

Nas

*

Nas,

Ina amsa gaisuwa. Kin yi gaskiya a kan wata bakwai, na sani tun ina rubutawa. Ga takardarta a ciki, ban liƙe ba, ki karanta kafin ki ba ta. In kin ba ta, ki fita daga ɗakin.

Ɗigo,

Inna ce. Ina gaishe ki. Na ga takardar lissafinki, na ga abin da kika yi. Duka ashirin kin iya, na sani.

Maganar da na faɗa miki a tasha, ban kyauta ba da na faɗa. Kina kuka ne, na rasa yadda zan yi, na yi miki alkawarin abin da ba nawa ba. Ba zan zo in ɗauke ki ba. Ko kin ci jarrabawar Litinin, ko kin faɗi, ba zan zo ba. In kin faɗi, gida za ki zauna shekara guda kina kallon yara suna wucewa ta taga, kuma a can za ki zauna, ba a nan ba.

Wadda kike ce wa Nas mahaifiyarki ce. Shekara biyar tana hawa motar kwana biyu don ta gan ki yini ɗaya, ke kina ƙarama ba ki san nisan ba. Wurinta ne gidanku.

Ranar Litinin ki rubuta abin da kika sani, ki bar shi yadda yake. In kin ji haushina, ki ji, kina da gaskiya.

Inna

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Baffa kuna lafiya. An ɗauke ta. Aji huɗu, arba'in da bakwai cikin hamsin. Malamar ta fito da takardar a hannu tana tambaya wace ce uwar wannan, na ɗaga hannu kamar 'yar aji.

Takardarki na ba ta ranar Asabar, na fita kamar yadda kika ce. Na tsaya a kicin ina jiran kuka, ban ji ba. Can ta fito ta miƙo min ita a ninke, ta ce, "Ajiye." Ba ta ci abincin rana ba. Ranar Litinin da kanta ta fere fensir.

Yau kwana tara tana zuwa. Ni nake raka ta, muna bi ta gaban kafintoci, har sun san ta suna ce mata 'yar boko. Jiya a wurin tsallaka titi ta kama hannuna, ba ni na kama nata ba. Ban nuna na lura ba.

Amma tun ranar Asabar ɗin ba ta ƙara ambatonki ba, ko sau ɗaya. Na ɗauka ranar da hakan ta faru zan yi rawa. Na ce ta zo ta rubuta miki layi biyu in haɗa da wannan, ta ce tana da aikin gida. Na ce bayan aikin fa, ta ce barci za ta yi. Yanzu ba abin da ke bakinta sai malamarsu, malamarsu ta ce kaza, malamarsu rubutunta ya fi na kowa kyau. Wata 'yar siririya ce da ba ta fi shekara ashirin da biyar ba. Ni kaina na fara jin haushinta.

Abin da kika yi, ban san ko ni zan iya ba. In tilasta mata ta rubuto?

Ƙanwarki,
Nas

*

Ƙanwata,

Alhamdu lillahi. Na karanta wa Baffa, ya ce a gaida 'yar boko. Ƙafa ta ɗan tashi, ina shan maganin.

Kada ki tilasta mata. Tana da gaskiya, babba ya yi mata alkawari ya karya. Ki bar ta ta yi fushinta har ya ƙare, in zai ƙare. Hannun da ta kama kuma ki riƙe da kyau, titinku na ji an ce da motoci.

Malamar nan, rubutun nata ne har ya fi na kowa? To madalla. Allah ya ba ta haƙuri da yara.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Takardar canjin makaranta na aiko miki tun satin farko, amma sunanta ban cire daga rajistar ajina ba. Kullum da safe in na zo kansa sai in tsallake da baki, in sa mata alamar ba ta zo ba, kamar mai zazzaɓi. Sati goma ke nan. Shugaba ya yi min magana sau biyu, na ce mantuwa ce.

Yau bayan an tashi, da yara suka watse, na buɗe rajistar na soke sunan. Ni da nake ja wa yara miƙaƙƙen layi a allo da hannu ɗaya ina magana, sai da na je ajin kusa na ari rula.

Ki gaida babanta. Ita kuma ba sai kin ce mata na rubuto ba.

Yayarki